Harsashi Nawa Ake Ajiyewa a Gida? Abin da Tarihin Zamfara Ya Koya Mana

 

A watan Yunin 2022 gwamnatin jihar Zamfara, a zamanin Gwamna Bello Matawalle, ta ba da sanarwar cewa duk mai son mallakar bindiga don kare kansa ya nemi lasisi, har aka ce za a raba takardun nema 500 ga kowace masarauta daga cikin masarautu 19 na jihar. Sanarwar ta zo ne watanni biyar bayan harin da 'yan bindiga suka kai wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum a farkon Janairun shekarar, inda gwamnati ta ce an kashe mutum 58, mazauna yankin kuma suka ce sun kai 200. Babban hafsan tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da hurumin ba da wannan umarni, aka yi ta muhawara a rediyo da jaridu.

Muhawarar duk a kan bindiga ta tsaya. Kusan ba a taɓo tambayar da ke biye da ita ba: idan mutumin Abare ko Gummi ya samu bindigar, harsashi nawa zai ajiye, a ina zai ajiye shi, kuma wa zai riƙa ƙirgawa? Wannan tambaya ta girmi jihar Zamfara, ta girmi Nijeriya. Idan muka bi sawunta a tarihi za mu tarar cewa a ƙasar Hausa iko ya fi zama a hannun mai riƙe da albarushi fiye da mai saɓe da bindiga.

Bindiga ba baƙuwa ba ce a wajenmu. A Borno, Mai Idris Alooma ya yi amfani da 'yan bindiga Turkawa tun ƙarshen ƙarni na 16. Tarihin sarakunan Kano ya nuna an shigo da bindigogi a zamanin Kumbari (1731 zuwa 1743), kuma Babba Zaki (1768 zuwa 1776) ne ya fara ajiye 'yan bindiga a cikin masu tsaronsa. Duk da haka, yaƙe-yaƙen da suka sauya fasalin Zamfara da doki da mashi da baka aka yi su: cin Birnin Zamfara da Gobirawa suka yi a zamanin Babari a shekarun 1760, abin da ya sa gidan sarautar Zamfara ya yi ta ƙaura har ya zauna a Anka, da yaƙin Tafkin Kwatto a 1804, da faɗuwar Alkalawa a 1808. A 1826 Baturen nan Hugh Clapperton ya ga rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ta kewaye garin Konya na Gobirawa. Mayaƙan sun kai dubban gomomi, amma bindigogin da ya ƙirga ba su kai 50 ba.

Dalilin ba boyayye ba ne. Kibiya a gida ake yin ta: maƙeri ya ƙera kanta, a yanko kyauro a fadama, a dafa dafi da kwankwani. Bindiga kuwa kullum tana neman abinci daga nesa. Albarushi mai kyau da ƙanƙarar da ke tada wuta sai an ɗauko su a bayan raƙumi daga Tarabulus, ko a hawo da su daga bakin teku ta ƙasar Nupe. Ga shi albarushi ba ya son ajiya. Yana shan danshi, damina ɗaya na iya mai da shi dunƙule marar amfani, a lokacin rani kuma tartsatsi ɗaya ya isa ya tashi da ɗaki. Ranar da albarushi ya ƙare, bindiga ta koma kulki.

Sarakuna sun gane wannan sarai. Masanin tarihi Joseph Smaldone, a littafinsa na 1977 kan yaƙi a Daular Usmaniyya ta Sakkwato, ya nuna cewa da bindigogi suka yawaita a ƙarshen ƙarni na 19, sarakuna sun danƙa su ne ga bayinsu, suka hana hakimai tara nasu. Bawan sarki yana ɗauke da bindiga, amma abin ɗura mata daga fada yake fitowa. Ko da zuciyarsa ta raya masa tawaye, iya abin da ke cikin ƙahonsa zai harba. A Damagaram, Sarki Tanimu (1851 zuwa 1884) ya ƙara gaba: ya sa ana haɗa albarushi da ƙera igwa a cikin birnin, don kada ya dogara da fatake. Da wannan Damagaram ta zama abin tsoro ga maƙwabtanta. Rabeh ma, da ya ci Borno a 1893, rundunar 'yan bindiga ce mai horo a hannunsa, kuma neman hanyar samun albarushi da harsashi bai taɓa barin sa ya huta ba har aka kashe shi a Kusuri a 1900.

Turawa sun yi irin wannan lissafi, sai dai a kan nahiya guda. Yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta taƙaita shigo da bindigogin zamani da harsasansu cikin mafi yawan Afirka ta kudu da Sahara, ta bar wa mutanen ƙasa tsohuwar bindiga mai ƙanƙara da albarushin kasuwa. Saboda haka da sojojin Lugard suka iso Kano a 3 ga Fabrairun 1903, da Sakkwato a 15 ga Maris, suna da bindigar Maxim da akwatunan harsashi da 'yan dako ke ɗauke da su, mutanenmu kuma yawancinsu doki da takobi da baka. A Fabrairun 1906 mutanen Satiru, kusa da Sakkwato, da gatura da fartanyu, suka fatattaki wata rundunar Turawa, suka kashe Turawa 3 da sojoji fiye da 20, har suka ƙwace Maxim ɗin. Ba ta amfane su ba, domin Maxim na bukatar jerin harsashi da wanda ya san aikinta. A watan Maris aka dawo aka shafe garin.

Abin da ya rage a hannun talaka bayan nan shi ne bindigar toka, wadda muke kira harba-ka-ruga. Sunan kansa ya faɗi halinta: harbi ɗaya, sannan a tsaya a zuba albarushi ta baki, a danna, a zuba dalma ko guntayen ƙarfe. Maharbi ya san awonsa. Ƙaho ɗaya ko 'yar gora, abin da zai ishe shi fita ɗaya ko biyu, ya rataye a inda yaro ba ya kaiwa kuma nesa da murhu. Ba ya tarawa da yawa, domin kuɗi ne, kuma ya san damina za ta cinye masa.

Dokar makamai ta 1959, wadda Nijeriya ke aiki da ita har yau, ta kasa bindigogi kashi uku. Akwai na yaƙi, waɗanda sai da izinin shugaban ƙasa. Akwai irin na farauta na zamani, waɗanda lasisinsu ke hannun sufeto janar na 'yan sanda. Sai masu ɗuri ta baki, waɗanda ke ƙarƙashin kwamishinan 'yan sanda na jiha. Dokar ta ɗaure harsashi da lasisi: wanda ba shi da izinin bindiga ba shi da izinin riƙe abincinta. Wasu ƙasashe sun faɗi adadi ƙarara. Dokar Afirka ta Kudu ta 2000 ta tsayar da harsashi 200 ga kowace bindiga mai lasisi, sai wanda aka ba izini na musamman. Suwizalan, inda soja ke tafiya gida da bindigarsa, ta daɗe tana ba shi harsashi 50 a gwangwani liƙaƙƙe da ake dubawa ko an buɗe, amma a 2007 ta yanke shawarar karɓe su. Ƙasar da ta yarda wa ɗanta da bindigar yaƙi a ɗakinsa ta ga bai kamata harsashin ya kwana tare da shi ba.

A wajenmu ƙirgan ne ya ɓace. Bayan faɗuwar Gaddafi a 2011 rumbunan makaman Libiya suka buɗe, kayan suka bazu cikin Sahel. A 2017 hukumar kwastan ta kama bindigogi 661 da aka shigo da su ta Legas a kwantena ɗaya. Wani rahoto da ƙungiyar Conflict Armament Research ta fitar a 2020, kan makaman da aka ƙwato a Zamfara da Katsina da Kaduna, ya gano wasu sun fito ne daga rumbunan gwamnatocin yankin, har da na jami'an tsaron Nijeriya. Rahoton babban mai binciken kuɗi na tarayya na shekarar 2019 ya ce akwai bindigogi 178,459 na 'yan sanda da ba a san inda suka shiga ba, 88,078 daga ciki ƙirar AK-47. Bindigar ɗan ta'adda na iya shekara da shekaru tana aiki, amma harsashi kullum sai an kawo masa sabo. Shi ya sa sau da yawa labarin kame a hanyoyin Zamfara na masu safarar alburusai ne, cikin buhun hatsi ko ƙarƙashin kujerar mota. Kuma shi ya sa gidan da aka san an tara harsashi a ciki yake jawo wa kansa waɗanda ake gudu.

Ajiyar ma tana da nata haɗarin, ko ba maƙiyi. Ranar 27 ga Janairun 2002 rumbun makamai na barikin Ikeja ya kama da wuta, mutum fiye da 1,000 suka mutu, yawancinsu sun nutse ne a magudanar ruwa ta Oke-Afa suna gudu cikin duhu. Ranar 16 ga Janairun 2024 wani gida ya tarwatse a unguwar Bodija ta Ibadan, aka rasa rayuka, gidaje da dama suka rushe, Gwamna Seyi Makinde ya ce nakiyoyin masu haƙar ma'adinai ne aka ajiye a ciki.

Mutanen Abare ba sa bukatar a kai su Legas kafin su fahimci wannan. A 2010 likitocin MSF suka gano yara na mutuwa a Abare da Dareta da Sunke da Tungar Daji a Anka, da 'Yargalma da Tungar Guru a Bukkuyum. Duwatsun zinare ne ake kawowa cikin gida, a daka a turmi, a niƙa a inji, ƙurar ta sauka a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Dutsen na ɗauke da dalma. Yara aƙalla 400 suka rasu, dubbai suka kamu, sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zubo sabuwa, Bagega ma sai a 2013 aka tsabtace ta. Ba wanda ya ɗauko dutsen nan da nufin cutar da ɗansa, arziki aka kawo gida. Dalmar da ta kashe su ita ce dai wadda ake narkawa a yi harsashin bindigar toka, kuma narka ta a tsakar gida na barin guba a inda ake girki.

To, nawa ya kamata a ajiye? Tarihin nan bai ba mu lamba ɗaya ba, amma ya ba mu ƙa'ida. Duk inda bindiga ta zauna lafiya da jama'a, a fadar Kano ko a ɗakin maharbi, abin ɗura mata kaɗan ne, an san adadinsa, an raba shi da wuta da yara, kuma akwai wanda zai tambaya idan ya ragu. A 31 ga Janairun 2024 Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar da Askarawan Zamfara su fiye da 2,600. Abin da zai raba su da ƙungiyoyin sa-kai na baya, waɗanda aka zarga da kisan ramuwa, shi ne littafin ajiya: nawa aka ba ka da safe, nawa ka dawo da su, sauran ina suka tafi.

Mu da ke son rubuta labarin wannan zamani, a nan aikinmu yake. Jarumin da ke ta harbi shafi bayan shafi ba tare da ya sake ɗuri ba, daga fim muka aro shi. Manomin Anka mai harsashi uku a aljihu yana da lissafin da zai riƙe mai karatu: wanne zai harba, yaushe, nawa ya saya, hatsi tiya nawa ya sayar kafin ya saya, kuma ina matarsa ta ce a ɓoye su don kada ƙaramin yaro ya gani. Kafin mu saka bindiga a hannun wani a labari, mu san wa ya ɗura masa ita.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya dawo mana da zaman lafiya a Zamfara da ƙasa baki ɗaya.