Gane Ciwon Saiwa a Tsirran Gida da na Garka: Abin da Furen Okid Zai Koya wa Masu Reno a Afala

Tsakure

Maƙalar ta duba yadda mai renon tsiro a Afala da kewayen Tawa zai gane cewa ciwon shukarsa a saiwa yake, da ido da hannu da hanci kawai. An ɗauki furen okid a matsayin abin gwaji domin saiwarsa a fili take. Hujjar maƙalar ita ce yaushin ganye ba ya rarrabe ƙishirwa da ruɓewa, don haka duk hukuncin da aka yanke ba a tona ba, kirdado ne.

Gabatarwa

Afala tana arewa da birnin Tawa, a ƙasar Adar, inda ruwan shekara ba ya cika wuce milimita 400, kuma kusan duka tsakanin Yuni da Satumba yake sauka. Wanda ya tashi a nan, da ya ga ganye ya yi yaushi, guga yake nema. Ba laifinsa ba ne, fari ne ya koya masa. Sai dai na sha ganin dashen mangwaro ko zogale a tsakar gida, cikin gwangwanin da ba a huda gindinsa ba, ana ba shi ruwa safe da yamma yana ƙara lanƙwashewa. Ranar da aka juye gwangwanin, laka ce baƙa mai warin kwata ke fitowa, saiwar kuwa ta zama kamar jiƙaƙƙen zare. Ruwan ne ya kashe shi.

Darasin okid

Okid ɗin da aka fi reno a gidajen duniya, Phalaenopsis, asalinsa dazuzzukan kudu maso gabashin Asiya ne, irin su Filifin da Indonesiya, inda yake maƙale a rassan itatuwa, saiwarsa tana lilo a iska. Saiwar tana da riga mai kama da soso, wadda masana suke kira belamen. In tana da lafiya tauri gare ta, fara-fara in ta bushe, kore da zarar ta sha ruwa. In ta ruɓe sai ta koma ruwan ƙasa, ta yi laushi, ana jan ta rigar ta saɓule ta bar tsinke a ciki. Shi ya sa masu renonsa suke zuba masa ɓawon itace a tukunyar roba mai nuna abin da ke cikinta, su riƙa duba saiwa kafin ganye.

Okid ba tsiron Adar ba ne, amma ƙa'idar ɗaya ce ga albasa da tumatir: saiwa numfashi take yi. Iskar oksijin tana ratsa ruwa a hankali fiye da yadda take ratsa sarari da kusan ninki 10,000. Ƙasar da ruwa ya cika ƙofofinta tana shaƙe saiwa, shaƙaƙƙiyar saiwa kuma ba ta iya jan ruwa, sai ganye ya yi yaushi alhali gindinsa yana cikin taɓo. A nan ne ƙwayoyin cuta irin su Pythium da Rhizoctonia suke samun shiga. Su ne ke sa ƴan tsirran albasa da tumatir su riƙa zubewa a fangalin iri, wuyansu ya tsuke daidai bakin ƙasa kamar an matse shi da farce.

Abin da ake gani in an tona

A ƙasa mai yashi, babbar abokiyar gabar tumatir da kuɓewa wata tsutsa ce da ido ba ya gani, mai suna Meloidogyne. Berkeley ne ya fara bayyana ɓarnarta a saiwar kokwamba a Ingila a 1855, Göldi kuma ya raɗa mata suna a 1887 bayan ya same ta a gonakin kofi na Barazil. Tana shiga saiwa ta sa ta kumbura, ta yi ƙulu-ƙulu kamar carbi. Shukar takan yi yaushi da tsakar rana, ta farfaɗo da yamma, ta kuma tsumbure duk yawan takin da aka ba ta. Akwai wurin da ake yawan kuskure. Wake da gyaɗa suna da nasu ƙululun masu amfani, waɗanda ke tara wa ƙasa sinadarin naitirojin. Bambancin yana yatsa: ƙulun alheri a gefen saiwa yake manne, ana murza shi ya fita, cikinsa ja-ja. Na cuta kuwa jikin saiwar ne da kansa ya kumbura, ba ya ɓantaruwa sai an karya ta.

Albasa tana da nata ciwon, kuma a jihar Tawa da ta fitar da albasar Galmi wannan ba ƙaramar magana ba ce. Ƙwayar Setophoma terrestris tana rina saiwa ruwan hoda, daga baya ta koma ja mai duhu, ta bushe, kwan albasar ya tsaya ƙarami. Wani nau'in Fusarium oxysporum kuma gindin kwan yake ci: a tsaga albasar a tsaye, za a ga faifan da saiwa take fitowa ya yi ruwan ƙasa, ruɓewar kuma takan ci gaba har a rumbun ajiya. Dukansu biyu ƙasa mai ɗumi suke so, kuma suna taruwa a fangalin da ake maimaita albasa shekara da shekaru.

Gishiri ma yana ƙona bakin saiwa. Ƙididdigar Maas da Hoffman ta 1977 ta sa albasa cikin tsirran da ba su jure shi ba, domin amfaninta yana fara raguwa tun daga awon gishirin ƙasa na desisimen 1.2 a mita. Alamarsa farin ɓawo ne kamar kanwa a bakin tukunya ko a kan kunya. Gara kuwa ba ta ɓuya, ramukanta suna nan a jikin saiwar.

Hanyar dubawa

A ganina, rabin kuskuren yana wajen cirewa. In aka fizge shuka, siraran saiwoyi da ƙululu a ƙasa suke zama, shaidar ta tafi. A tona da ƙasarta, a tsoma a ƙwarya, a girgiza a hankali har ruwa ya wanke ta. Kada a ɗauki wadda ta riga ta mutu, domin kowace irin ƙwaya ta hau gawarta. A ɗauki wadda ta fara ciwo, a ɗauki mai lafiya daga fangali guda, a jera su a faranti. Mai lafiya fara ce, mai yawan gashi, tana ƙamshin ƙasar da aka yi wa ruwan farko. Abin da ya gagari ido sai a naɗe shi da ƴar ƙasarsa, a kai wa malaman gona a Tawa, su kuma suna da hanyar cibiyar binciken noma ta ƙasa, INRAN, wadda aka kafa a 1975.

Abin yi

Gwangwani da baƙar leda a huda su, a gauraya laka da yashi da takin da ya ruɓe sarai, kuma a tura yatsa cikin ƙasa kafin a ɗauki guga. Dashen kasuwa a duba saiwarsa tun a gaban mai sayarwa, domin ta nan tsutsar Meloidogyne take shiga garkar da ba ta da ita. Inda ta riga ta kama, sauya tumatir da gero ko dawa yana rage ta.

Adar tana da wani magani da ta daɗe tana kuka da shi, wato rana. Katan da abokan aikinsa sun nuna a Isra'ila a 1976 cewa in aka jiƙa ƙasa aka lulluɓe ta da farar leda mai nuna abin da ke ƙarƙashinta a lokacin zafi, ɗumin da ke taruwa yana kashe yawancin ƙwayoyin cutar da ke samanta. Ana barin ledar mako 4 zuwa 6. Kuɗinta ya fi ƙarfin a rufe garka duka, amma fangalin iri taku kaɗan ne, kuma daga cikinsa kowane dashe yake fita. Afrilu da Mayu, bayan an kwashe albasa kuma kafin ruwa ya sauka, su ne lokacin da ya dace da wannan aiki a Afala.