Rile: Daga Wayar Tangarahu zuwa Fankar Ɗaki

A watan Afrilu zafi kan haura digiri 40 a Birnin Kebbi da Argungu, kuma dare ba ya kawo sauƙin kirki. Maigidan da ya dogara da sola da batir lissafinsa guda ne: shin cajin zai riƙe fanka har asuba? Na'urar da ke taimaka masa a wannan lissafi ta girmi fankar kanta.

Sunanta rile, wato makunnin da maganaɗisu ke buɗewa da rufewa. Ana danganta ƙirƙirarta ga Joseph Henry na Amurka, wajen 1835. A wayar tangarahu ta fara aiki: saƙo kan raunana idan tafiya ta yi nisa, sai 'yar wutar da ta iso ta ja wani ƙarfe, ƙarfen ya haɗa sabon batir, saƙon ya ci gaba. Sunan ma daga Faransanci aka aro shi, daga zangon da manzanni ke sauya dawakai. A 1937 Claude Shannon ya nuna cewa jerin rile na iya lissafin "i" da "a'a", tushen kwamfutar yau.

Bayan kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, Birnin Kebbi ta zama mahaɗar manyan layukan wuta, har da wanda aka ja zuwa Yamai a 1976. Rile masu tsaro ne ke katse layi idan matsala ta auku. Gobarar da ta tashi a tashar a Satumbar 2023 ta jefa Kebbi, Sakkwato da Zamfara cikin duhu. Irin wannan ke tura masu hali ga sola.

A nan rile ta shigo ɗaki. Tsohuwar ragiletar fanka tana rage gudu ne ta hanyar mayar da wani kaso na wuta zafi, asara ke nan. A sabon tsari, kowace rile tana haɗa kafasita mai girma dabam, kowace da nata gudu, kusan ba asara. Haka fitilu: a raba su rukuni biyu, babba da ƙarami, rile biyu su ba da matakin haske uku. Fankar sili kan ci wajen wat 70 a cikakken gudu; idan agogon na'urar ya sauke ta mataki ɗaya da ƙarfe uku na dare, sa'ad da iska ta fara sanyi, wutar da aka tsimi ita ce za ta kai iyali kiran salla.