Waye kakan kakanka? Zancen asali a ƙasar Arewa

Tun da muka fara tattara sunayen kakanni a zauren WhatsApp na dangi, mun lura da abu guda: kusan kowa na iya kaiwa ga kakan ubansa, daga nan sai ya ce "bari in tambayi tsoho". To tsofaffin nan ƙarewa suke yi.

A ƙasar Arewa ba da takarda aka riƙe asali ba, a baki yake, wajen dattawa da makaɗa da maroƙa. Abin da suka bar mana shi ne Gubawa ne 'yan ƙasa, masu Sarauniya a Lugu da Baura a Bagaji. Daga baya Ari ya zo daga Barno, ya auri ɗiyar Baura, suka haifi Akazama, wanda sarautar Arewa ta samo tushe daga gare shi. Sunan Arawa ma daga Ari ya fito. Zuriyar ta yi rassa, daga Matankari har Takatsaba, wadda Gesheme ke zaman fadarta yau, ga kuma gidan Samna a Tibiri. Wani Bafaranshe, Marc-Henri Piault, ya bi garuruwan nan yana sauraron tsofaffi, ya fitar da littafi kan tarihin Arewa a 1970. Amma da Faransanci ne, kuma gidajen sarauta ya fi bi. Manomi da maƙeri sai dai su nemi nasu da kansu.

Abin da muke yi ke nan. Wani a Yamai ya rubuta abin da ya sani, wata a Kangiwa, can jihar Kebbi, ta turo muryar gwaggonta, ɗan ci-rani a Kwatano ya gyara sunan da aka kuskure. Iyakar da Turawa suka ja ta raba ƙasa, amma aure tsakanin gidajen bai tsaya ba.

Sai dai akwai inda gizo ke saƙa. Jerin da muke samu na maza ne zalla: wane ɗan wane ɗan wane. Ku duba fa, ko a labarin Akazama an riƙe sunan uba, uwa kuwa "ɗiyar Baura" kawai yawancinmu muka sani. A ƙasar da Sarauniya Mangu ta tari sojan Voulet a Lugu a watan Afrilun 1899! Alhali tsofaffin mata su suka fi sanin wa ya auri wa, wa ya sha nonon wa.

Akwai kuma rigima. Da an taɓo wanda ya fara saran daji ko wanda ya gaji rawani, sai murya ta canja, don bayan sunan akwai gona, akwai sarauta. Wasu gidajen ma ba su son a tono yadda kakansu ya zo garin, kuma suna da hakkinsu. Mu dai mun tsaida shawara: in ruwaya biyu suka saɓa, a rubuta duka biyun tare da sunan garin da aka ji kowace. Wanda bai yarda a sa gidansa ba, a ƙyale shi.

Mai tsohuwa a gida, ya zauna da ita bayan sallar isha'i, ya kunna waya. Ya fara tambayarta sunan uwarta da garin da aka ɗauko ta.