Yadda Likitocin Zuciya Suka Koyi Auna Haɗari Kafin Su Buɗe Toshasshiyar Jijiya

A 1977 ne Andreas Grüntzig ya buɗe jijiyar zuciyar wani majinyaci a birnin Zurich da siririn bututu mai 'yar balan-balan a bakinsa, ba tare da an tsaga ƙirji ba. Sai dai waccan jijiyar tsukewa kawai ta yi. Wadda ta toshe ruf har wata uku ko fiye ta daɗe tana gagarar likitoci, domin toshiyar kan yi tauri, wayar da ake zurawa ta kasa huda ta, ko ta kauce ta fasa bangon jijiyar, jini ya taru ya shaƙe zuciya. Likitocin Japan suka fi kowa naci, har suka ƙware wajen ɓullo wa toshiyar ta baya, ta ƙananan jijiyoyin da ke kewaye ta.

Daga can ma'aunin farko da ya yi suna ya fito. A 2011 Yoshihiro Morino da abokan aikinsa suka fitar da J-CTO mai maki biyar: dakushewar bakin toshiyar, taurinta, lanƙwasar jijiyar, tsawon toshiyar da ya kai milimita 20, da ko an taɓa gwadawa aka kasa. Amma wahalar aikin yake aunawa, wato damuwar likita. Sai a 2016 masu binciken PROGRESS-CTO a Amurka suka auna abin da ya fi damun majinyaci, wato illa. Suka tsaya kan tsufa, tsawon toshiyar, da bin ta baya. Abin lura, dabarar da ta ƙara nasara ita ce kuma ta ƙara haɗari.

Wani zai ce ina ruwan dattijon unguwar Nima ko Madina a Ghana da lissafin da aka gina kan majinyatan manyan asibitocin Amurka? Maganarsa da ƙamshin gaskiya, don cibiyar zuciya ta asibitin Korle Bu na ƙasar ma sai 1989 Farfesa Kwabena Frimpong-Boateng ya kafa ta. Amma ina ganin inda ƙwararru suka yi ƙaranci, kuma iyali ke harhaɗa kuɗin aiki da gudummawar dangi, nan aka fi buƙatar awon, tunda binciken DECISION-CTO na Koriya bai nuna aikin ya fi shan magani tsawaita rai ba. Ciwon ƙirji ne aikin yake ragewa. Don haka kafin ku sa hannu a takardar amincewa, ku tambayi likita girman haɗarin, da abin da zai faru idan aka tsaya kan magani.