Sha Huɗu ga Yuli a Birnin Faris

Ranar 14 ga Yuli ce ranar ƙasa a Faransa, kuma a Faris ake yin babban bikinta, a tsakiyar watannin zafi na Turai. Bikin ya samo asali ne daga abubuwa biyu da suka faru a rana irin wannan, shekara guda tsakaninsu.

Na farko shi ne faɗuwar Bastille a 1789. Wannan tsohon sansani ne mai hasumiya takwas a gabashin birnin, wanda sarakuna suka mayar kurkuku, inda takardar sarki kaɗai ta isa a kulle mutum ba tare da shari'a ba. A wannan shekara burodi ya yi tsada, Sarki Louis na 16 kuma ya girke sojoji a kewayen birni. Da safiyar ranar jama'a suka kwashi bindigogi a gidan Invalides, suka nufi Bastille neman albarushi. Kafin faɗuwar rana kusan mutum ɗari sun mutu cikin maharan, an kashe shugaban kurkukun, de Launay, an soke kansa a tsinin mashi ana yawo da shi a titi. Fursunoni bakwai kacal aka tarar a ciki.

Na biyu ya zo a 1790, lokacin da aka shirya bikin haɗin kan ƙasa a filin Champ de Mars. Da aikin gyara filin ya so ya gagara, mutanen gari suka fito da kansu, attajiri da lebura, maza da mata, suna haƙa suna tura baro. Ranar taron an sha ruwan sama, amma wakilan larduna suka tsaya har Janar Lafayette ya yi rantsuwa a madadinsu, sarki ma ya rantse zai kiyaye tsarin mulki. Wannan jituwa ba ta yi ƙarko ba, domin a Janairun 1793 aka fille wa sarkin kai.

Daga nan ranar ta shiga wani hali na kusan shekara tamanin. Napoleon ya mayar da shagali 15 ga Agusta, ranar haihuwarsa, sarakunan da suka biyo baya kuma ba su da sha'awar tuna ranar da talakawa suka fasa kurkukun gidansu. Sai a 1880, bayan masu ra'ayin jamhuriya sun kama ragamar mulki sosai, ɗan majalisa Benjamin Raspail ya kawo ƙudurin da ya zama doka ranar 6 ga Yuli. Dokar ta ce 14 ga Yuli, ba ta faɗi ta wace shekara ba, kuma da gangan aka bar ta haka. Masu zafin ra'ayi suka ɗauka ranar tawaye ake nufi, masu ƙyamar zubar da jini suka riƙe ta 1790. Dabara ce mai kyau, domin ita ta sa ranar ta tsallake duk sauye-sauyen mulki da suka biyo baya, amma ta bar tambayar da har yau ba a rufe ba: bikin na gwamnati da sojojinta ne, ko na mutanen titi?

A bikin farko gwamnati ce ta yi rinjaye. Shekara goma ke nan da Jamusawan Prusiya suka ci Faransa da yaƙi, ƙasar na neman wanke fuska, don haka Shugaba Jules Grévy ya raba wa rundunoni sababbin tutoci a filin sukuwa na Longchamp. A nan aka ci gaba da fareti har 1914. A 1919 aka yi faretin nasarar Yaƙin Duniya na Ɗaya a titin Champs-Élysées, inda aka sa sojojin da yaƙi ya naƙasa a sahun gaba, manyan hafsoshi Joffre da Foch na biye bisa dawakai, aka ratsa ta ƙarƙashin Arc de Triomphe. Bayan an binne sojan da ba a san sunansa ba a wurin, sai aka daina bi ta ciki.

Talakawan Faris ba su saki nasu kason ba. Da daddare akan kafa makaɗa a mararrabar unguwanni, a rataya fitilu, a yi ta rawa har asuba. Daga wajejen 1937 'yan kwana-kwana suka fara buɗe wa jama'a barikokinsu don rawa, al'adar da ta fara daga unguwar Montmartre. Ƙungiyoyin ƙwadago da jam'iyyun masu ra'ayin gurguzu su ma sukan yi nasu jerin gwano, kamar gagarumin gangamin 1935. Mamayar Jamus ta dakatar da komai daga 1940 zuwa 1944. Abin da ya kashe jerin gwanon ma'aikata kuwa ya faru ne a 1953, lokacin da 'yan sanda suka buɗe wuta a dandalin Nation, suka kashe mutum bakwai, shida daga cikinsu 'yan Aljeriya masu neman 'yancin ƙasarsu. An yi wannan ta'asa a ranar da ake kira ta 'yanci, aka kuma shafe shekaru masu yawa ba a maganarta.

Afirka ta daɗe a cikin wannan fareti. Tun zamanin Longchamp sojojin da Faransa ta ɗiba daga ƙasashen da ta mallaka suke maci a gaban shugabanninta. A 2010, cika shekara 50 da samun 'yancin kan ƙasashen, Shugaba Nicolas Sarkozy ya gayyaci rundunonin ƙasashe 13, har da Nijar da Cadi da Kamaru, suka taka a Champs-Élysées. Masu suka sun ce biki ne na ubangida da yaransa. A jajibirin ranar ne ya sanar da daidaita fanshon 'yan mazan jiya na Afirka da na takwarorinsu Faransawa, gyaran da ya zo bayan akasarin masu haƙƙin sun riga mu gidan gaskiya. A 2013 sojojin Mali ne suka buɗe faretin.

Wurin fareti ya yi ta sauyawa a zamanin Shugaba Giscard d'Estaing, wanda ya kai shi dandalin Bastille a 1974, amma tun 1980 ya zauna a Champs-Élysées. A 1989 aka yi bikin cika shekara 200 da faɗuwar Bastille, inda mawaƙiyar Amurka Jessye Norman ta rera taken ƙasa a dandalin Concorde. A 1994 sojojin Jamus suka bi titin cikin rundunar haɗin gwiwa ta Turai, abin da ya sosa ran tsofaffin da suka ga mamaya.

Tsarin yau kusan a kafe yake. Da hantsi jiragen yaƙi kan keta sama suna fesa hayaƙi shuɗi da fari da ja, rundunoni su gangaro daga Arc de Triomphe zuwa Concorde inda shugaban ƙasa ke zaune. Rundunar 'yan ƙasashen waje ta Légion étrangère ce ke rufe sahun masu tafiya a ƙasa, saboda takunta 88 ne a minti, na sauran kuwa kusan 120. Da dare a yi wasan wuta a hasumiyar Eiffel. Sau biyu aka karya wannan tsari a 'yan shekarun nan: a 2020 annobar korona ta sa aka taƙaita taron a Concorde don karrama ma'aikatan lafiya, a 2024 kuma aka mayar da faretin titin Foch saboda shirye-shiryen gasar Olamfik.