Mustad da Yajin Kazar Garwa

A Suratu Luƙman da Suratul Anbiya an buga misali da ƙanƙantar ƙwayar khardal. Da Sheikh Abubakar Gumi ya zo fassara ta, sai ya ari sunan komayya, ciyawar nan mai mitsi-mitsin 'ya'ya, domin Bahaushe bai san tsiron ba balle ya raɗa masa suna. Khardal ɗin nan shi ne mustad, wanda yau za ka tarar an shafa wa kaza a wuraren cin abinci na Garwa, a arewacin Kamaru. Yadda aka yi ya iso bakin Binuwai shi nake son bi.

Jamusawa sun ci Garwa a 1901. A watan Yunin 1915 suka miƙa wuya ga sojojin Ingila da Faransa, garin kuma ya faɗa hannun Faransa har zuwa 'yancin kai a 1960. Yola, wadda lamidon Garwa yake yi wa mubaya'a a da, ta zauna ɓangaren Ingila. Wannan rabon bai tsaya a taswira ba, ya shiga har madafi. Bature ɗan Ingila ya saba da garin mustad busasshe, irin na kamfanin Colman's da aka kafa a 1814, a kwaɓa shi da ruwa lokacin da za a ci. Bafaranshe kuwa kwaɓaɓɓe yake saye a kwalba, irin na birnin Dijon. Shi ya sa mai soya kaza a Garwa kwalba ya sani. Barbaɗa garin mustad cikin fulawa kafin a jefa kaza a mai, wannan dabara ce ta girkin Amurka.

Akwai abin da ya kamata a sani game da garin. Yana bushe ba shi da zafi. Sai ruwan sanyi ya taɓa shi, ya ɗan jima, sannan zafin nan mai hawa hanci ya tashi. Wuta kuma kashe shi take yi. Wanda ya zuba shi a fulawa ya tsoma a tafasasshen mai, ɗan ƙamshi kawai zai samu. Ga harshen da ya tashi da barkono, wannan ai shafa ce.

Mu kuwa tun kafin kwalbar ta zo muna da namu rufin nama: ƙuli-ƙuli dakakke, barkono, citta, kanumfari, masoro, kimba da gishiri. Ƙuli-ƙulin ne ke kama jikin naman ya yi masa ɓawo, aikin da fulawa ke yi wa Ba'amurke, ga kuma maiƙo da gardi a kai. Mahautan Hausawa suka yaɗa shi har unguwar Briqueterie ta Yawunde, inda tsiren da 'yan kudu ke kira soya, da kalmarmu, ya yi suna.

Sai dai ba na bin masu cewa mustad baƙo ne, yaji ɗan gida. Gyaɗa da barkono daga nahiyar Amurka suka fito, jiragen Turawan Fotugal suka kawo su gaɓar Afirka. Kanumfari asalinsa tsibiran Indunusiya, sunansa ma daga Larabci muka aro. Man da ake suyar da shi ya sauya a idon iyayenmu: kamfanin auduga na Sodecoton, mai hedikwata a Garwa tun 1974, ya cika kasuwa da man angurya, ya rage wa man gyaɗa kasuwa.

Abin da ke damuna yana nan wurin. Ƙuli-ƙuli tunkuza ce, abin da ya rage bayan mata sun matse man gyaɗa a gida. In aka daina sayen man nasu, matsar za ta ragu, ƙuli-ƙuli ya yi tsada, mai yaji ya fara cika shi da gari da dunƙulen Maggi. Dunƙulen nan ya riga ya ture daddawa daga tukwane da yawa. Kwalbar Dijon har yanzu a gefen faranti take.