Hoton Mami Wata a ɗakin kakata

Ina yaro a Zangon Kumasi, kakata tana da wani hoto a bayan kwanukan jerenta: wata mace mai gashi buzu-buzu, macizai sun naɗe mata jiki. Ta ce Mami Wata ce. Ranar da mahaifina ya gan shi, ya ce shirka ce, ya yage shi a tsakar gida. Tsohuwar ta yi kwana uku ba ta amsa gaisuwarsa ba.

Sai da na girma na san cewa matar ba aljana ba ce. Mai wasa da macizai ce a birnin Hamburg na Jamus, inda maɗaba'ar Adolph Friedländer ta buga hotonta a shekarun 1880 don tallar wasa. Daga nan hoton ya biyo jiragen ruwa zuwa gaɓar Afirka ta Yamma, mutane suka ce ai ga uwar ruwa. Ko wutsiyar kifi babu a jikinsa, amma tun da hoton ya tsaya a ƙugu, kowa ya ƙarasa sauran da kansa.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne hannun garinmu a ciki. Masanin nan Henry Drewal ya gano cewa wani ɗan kasuwa a Kumasi ne ya aika hoton zuwa kamfanin Shree Ram Calendar da ke Bombay. A 1955 da 1956 aka buga kwafi 12,000, aka turo wa shi da wani ɗan kasuwar a nan Kumasi, garin da ko teku ba shi da ita.

Ni dai ina ganin mahaifina ya yage takarda ne kawai. Tun kafin Hamburg, kakanninmu fatake sun taho da labarin 'yan ruwa, masu bori suna da Sarkin Rafi, masunta kuma sun san ayu. Hoton fuska kawai ya ara musu.

Fuskar kuwa ba ta ɓace ba. A 2008 gidan tarihi na Fowler a Los Angeles ya yi baje kolin zane-zanenta, a 2023 kuma fim ɗin Mami Wata na C.J. Obasi ya ci kyauta a bikin Sundance. Na nuna wa mahaifina tallar fim ɗin a waya. Ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaye ni ko har yanzu ana sayar da irin wancan hoton a Kejetia.